Yadda Uba Zai Fara Sujadar Yamma da Ƙananan Yaransa

Bayan taron zumuntar maza na watan jiya, wani matashi da bai wuce shekara 5 da aure ba ya tsayar da ni a bakin ƙofar coci. Ya ce, "Baba, yarana biyu ne, babban shekara 4, ƙaramar shekara 2. Mamansu ce ke yi musu addu'a kafin su kwanta. Ina so ni ma in sa hannu, amma ban san ta inda zan kama ba." Abin da na faɗa masa a tsaye ran nan shi ne zan shimfiɗa a nan dalla-dalla. Yara 4 Allah ya ba ni, kuma shekara 14 ke nan muna shimfiɗa tabarma da yamma a gidana. Wasu na kiran abin bagaden iyali, wasu addu'ar gida. Mu "sujada" kawai muke cewa, yara sun san abin da ake nufi.

A Maimaitawar Shari'a 6:6-7 Musa ya umarci Isra'ilawa su koya wa 'ya'yansu maganar Allah suna zaune a gida, suna tafiya a hanya, da lokacin kwanciya da lokacin tashi. A Afisawa 6:4 kuwa ubanni aka kira kai tsaye. Makarantar Lahadi tana ƙoƙarinta, amma awa 1 ce ko 2 cikin awa 168 na mako. Sauran duk a hannunka suke, kai da matarka.

Abin da za ka tanada

Littafi Mai Tsarki a harshen da yaran suka fi ji. Idan Hausa ake yi a gidan, ka nemi na Hausa. Tun 1932 aka buga shi cikakke da Hausa, aikin da Dokta Walter Miller na Wusasa ya sha wahala a kansa tare da wasu, daga baya kuma aka yi sababbin fassarori. Za ka ga wani bugun ya rubuta Yahaya, wani Yohanna. Wani Yunusa, wani Yunana. Duk wanda ka samu ya yi, amma ka tsaya a kan guda ɗaya, musamman don haddar aya, kada ka rikita yaro. Ka fi son na takarda a kan na waya. Yaro na ganin waya a hannunka hankalinsa ya tafi kan wasa, kai ma saƙo zai shigo ya ɗauke maka ido.

Tabarma ko darduma wadda za ta ɗauke ku duka. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, zan dawo kansa.

Haske. Kada ka dogara da wutar lantarki. Fitilar caji ko ta sola ta fi. Idan kyandir ne ko fitilar kananzir, ka ɗora a kan abu mai tsayi, nesa da gidan sauro da labule, inda mai rarrafe ba zai kai hannu ba.

Littafin waƙoƙin ikkilisiyarku, in akwai. In babu, waƙa 3 da ka iya da ka sun ishe ka wata guda.

Ƙaramin littafin rubutu da biro, irin na 'yan firamare. A ciki za ka riƙa rubuta ayar mako da abin da kuka roƙa.

Sai minti 10 zuwa 15 da za ka ware, da minti 5 naka kai kaɗai tun da rana don ka karanta labarin kafin ka kawo wa yara. Littafin labarai mai hotuna yana taimakawa, amma kada rashinsa ya tsayar da kai. Na yi shekara 6 ba ni da shi.

Mataki na 1: Ka fara shiryawa da maman yara

Kada ka shigo gida da yamma ka yi shela cewa daga yau an fara sujada. A yawancin gidajenmu uwa ta riga ta daɗe tana wannan aikin a ɓoye, ita ke rera musu waƙa tana yi musu wanka, ita ke koya musu addu'ar cin abinci. Ka zauna da ita bayan yara sun yi barci, ka ce, "Maman yara, ina so in riƙa tara mu da yamma minti 10. Wane lokaci kike ganin zai yi miki?" Ka saurari amsarta da gaske, domin ita ta san lokacin da tuwo ke sauka, da lokacin da auta ke fara rigima. Ku raba aiki: wataƙila ita ta ɗauki waƙa, kai ka ɗauki labari. Ku kuma yarda cewa ba za ku gyara wa juna magana a gaban yara ba. In ka yi kuskure a labari, ta faɗa maka daga baya, washegari kai da bakinka ka gyara.

Kuskuren da na sha gani shi ne uba ya kira sujada matarsa na tsakiyar wanke-wanke, ya yi ta ƙwala mata kira, ta zo hannu a jiƙe rai a ɓace. In kana so ta zauna cikin natsuwa, ka tashi ka kama mata, ko ka yi wa yara wanka kai da kanka. Yara na ganin wannan ma.

Mataki na 2: Ka tsayar da lokaci ɗaya, ka ɗaure shi da wani abu

Ƙaramin yaro bai san ƙarfe 7 ba. Abin da ya sani shi ne "bayan cin abinci" ko "bayan wanka". Saboda haka ka ɗaure sujada da abin da ake yi kullum ba fashi. A gidana tsarin shi ne wanka, tuwo, wanke hannu, tabarma. Kada a yi kafin abinci, cikin da ke kuka ba ya jin wa'azi. Kada kuma a bari sai dare ya yi nisa. Yaro mai shekara 3 zuwa 5 yana bukatar barcin awa 10 zuwa 13 a yini, ɗan firamare kuwa awa 9 zuwa 12. In ka ja su zuwa ƙarfe 10, ga makaranta da safe, ka ci musu hakki, kuma gyangyaɗi kawai za su yi maka.

A unguwar da muka taɓa zama, maƙwabtanmu Musulmi ne, kiran sallar isha'i ne agogonmu. Da an kira, babbar 'yata za ta ruga ta ɗauko tabarma ba tare da kowa ya aike ta ba.

In aikinka na dare ne, ko kasuwa ba ta sake ka sai ƙarfe 9, ka mai da abin da safe kafin a tafi makaranta, ka rage shi zuwa minti 5. Abin da ake nema shi ne a yi kullum. Minti 5 na kowace rana ya fi awa guda ta ranar Lahadi amfani nesa ba kusa ba.

Mataki na 3: Ka sauko ƙasa

Ka bar kujerarka. Ka zauna a kan tabarma tare da su, ƙaramin a cinyarka, sauran a gefe, kowa na ganin fuskar kowa. Mu da muka tashi a gidajen da uba ke da kujerarsa wadda ba mai taɓawa, wannan yana mana nauyi da farko. Amma in kana sama suna ƙasa, abin ya zama taron ladabtarwa tun kafin ka buɗe baki. Da ka sauko za ka ga bambanci a daren farko: mai shekara 2 zai hau bayanka, mai shekara 5 zai leƙa cikin littafin yana tambayar ina sunansa yake.

A kashe talabijin da rediyo, a ajiye wayoyi a wani ɗaki, har da taka. Da damina ku zauna a ciki saboda sauro, ko ma a cikin gidan sauro in kowa zai shiga. Lokacin zafi, Maris da Afrilu, tsakar gida ta fi daɗi. Mu na Jos kuwa, a Disamba da Janairu bargo ɗaya muke lulluɓa da shi gaba ɗaya, yara suna son wannan ƙwarai.

Mataki na 4: Ku buɗe da waƙa ɗaya

Waƙa ita ce ƙararrawa. Da an fara ta, wanda ke can yana wasa zai taho da kansa. Ka zaɓi gajeriya mai amshi, irin wadda ake tafi, ku yi ta maimaita ta mako guda ko biyu. Waƙoƙin littafi masu baiti 5 ko 6 suna da daraja, amma baiti ɗaya da amshi sun isa yaro. In muryarka ba ta da daɗi, ka rera haka nan. Yaron da ya ga babansa na waƙa a gida ba zai ji kunyar buɗe baki a coci ba.

Ka bar su su buga abin da suka samu: gwangwanin madara da tsakuwa a ciki, murfin tukunya da cokali. Sai dai ka kafa doka tun farko cewa da waƙa ta ƙare, kayan kiɗa su koma hannun Mama.

Mataki na 5: Ka ba da labari, kada ka yi wa'azi

A nan ne yawancinmu muke faɗuwa, ni ma a nan na faɗi. Lokacin da na fara, nakan buɗe wasiƙar Romawa in karanta sura guda, in bi ta da bayani kamar yadda na ga ana yi a bagade. Wata rana na ɗaga kai na ga babban ɗana, yana shekara 5 a lokacin, ya kafe idanunsa da ƙyar don kada in ga yana barci, hawaye na taruwa saboda tsoro. Abin ya sosa mini rai har yau. Daga ranar na canja.

Ga yadda nake yi yanzu. Da rana nakan karanta labarin sau 2 ni kaɗai, in tambayi kaina abu ɗaya: mene ne labarin nan ya nuna game da Allah? Ɗaya tak. Da yamma sai in buɗe littafin a kan gwiwata don su ga daga ina labarin ya fito, in karanta aya 2 ko 3 kamar yadda suke a rubuce, sauran in faɗa da bakina kamar yadda kakanninmu ke ba da tatsuniya, da sauya murya da motsa hannu. Amma kada ka buɗe da "ga ta nan, ga ta nanku". Ka ce musu, "Wannan ba tatsuniyar Gizo ba ce, abu ne da ya faru." Yara suna bukatar sanin bambancin.

Ɗauki labarin hadari a teku, Markus 4:35-41. Sai in ce tabarmar nan ita ce jirgin, kowa ya riƙe gefe. Mama ta yi ƙarar iska, mu yi ta tangaɗi hagu da dama. In tambaya, "To ina Yesu?" In nuna matashin kai a ƙarshen tabarma: yana can yana barci. Wa zai je ya tashe shi? Auta ta rarrafa ta girgiza matashin. Sai in miƙe hannu in tsawata wa iska, kowa ya yi tsit. Wannan shirun na daƙiƙa 3 shi ne darasin gaba ɗaya. Bayansa tambaya ɗaya kawai nake yi: "Da kai ne a cikin jirgin, me za ka ce wa Yesu?" Duk minti 4 ne ko 5.

Kada ka yi saurin sauya labari. Yaro na son maimaici fiye da yadda babba ke zato. Labari ɗaya yakan kai mu mako: Litinin in ba da shi, Talata in sake bayarwa ina tsayawa su cika mini, Laraba mu yi wasansa, Alhamis babban ya ba ƙananan da bakinsa, Jumma'a su zana shi a takarda ko a ƙasa da tsinke. Asabar kowa ya zaɓi tsohon labarin da yake so. Lahadi kuwa su ne malamai, su faɗa mini abin da aka koya musu a Makarantar Lahadi.

Labaran da za ka fara da su: Yesu yana sa wa yara albarka (Markus 10:13-16), ɓatacciyar tunkiya (Luka 15), Zakka a kan itace (Luka 19), yaron da ya ba da gurasa 5 da kifi 2 (Yahaya 6), Allah yana kiran Sama'ila da dare (1 Sama'ila 3), jariri Musa a cikin kwando (Fitowa 2), Dawuda da Goliyat (1 Sama'ila 17). Labarin Yusufu, daga Farawa 37 zuwa 50, shi kaɗai zai ɗauke ku wata 2, kuma yana da amfani ƙwarai a gidan da 'yan'uwa ke kishin juna. In sun kai shekara 7 ko 8, ku bi Bisharar Markus daga farko zuwa ƙarshe. Sura 16 ce, kuma labari ne ke bin labari.

Gargaɗi: ba kowane labari ne na ƙaramin yaro da dare ba. Na taɓa ba da labarin Ibrahim da Ishaku a kan dutse, Farawa 22, 'yata na shekara 4. Da na kai wurin wuƙa sai ta saki hannuna ta koma jikin mamanta, ta ce, "Baba, in Allah ya ce maka, za ka yanka ni?" Na ɗauke ta na ce a'a, na nuna mata cewa Allah da kansa ne ya hana, ya ba da rago. Duk da haka daren nan a tsakaninmu ta kwana. Wannan labarin, da kisan jarirai a Baitalami, da yaƙe-yaƙen Littafin Mahukunta, ka ajiye su sai hankali ya ƙara girma. Haka nan kada ka riƙa tsorata yaro da wuta don ya yi biyayya. Zai yi shiru, amma zai tashi yana ɓuya wa Allah kamar yadda yake ɓuya wa dodo.

In sun yi tambayar da ta fi ƙarfinka, kuma za su yi, ka ce, "Ban sani ba, bari in tambayi Fasto ranar Lahadi." Sa'an nan ka tambaya da gaske, ka kawo amsa. Kada ka ƙirƙiro, kada kuma ka ce "rufe mini baki".

Mataki na 6: Aya ɗaya a mako

Ka zaɓi gajeriyar aya, ka rubuta ta da manyan baƙaƙe a kwali, ka manna a bango daidai tsayin yaro. Ka faɗi kalma 3 ko 4, su maimaita, ka ƙara. Ku haɗa da tafi ko motsin hannu. Mai shekara 2 kalmar ƙarshe kawai zai kama, ya yi ta da ƙarfi. Ka yaba masa. Minti 1 ya isa kowace rana.

Zabura 23 aya 6 ce, wato mako 6 in an bi a hankali. Zabura 117 aya 2 ce kacal, yaro zai ji daɗin cewa ya haddace sura guda cur. Daga nan sai Addu'ar Ubangiji, Matiyu 6:9-13. Kowace Asabar ku waiwayi ayoyin baya daga littafin rubutunka, in ba haka ba za su zube.

Kada ka haɗa su gasa. "Dubi ƙanwarka ta iya, kai ka kasa" magana ce da ke kashe zuciyar yaro, kuma tana shuka gaba tsakanin 'yan'uwa. Kowane yaro da irin kansa. Na biyun yarana sai da ya yi mako 3 a kan ayar da 'yar'uwarsa ta kama cikin kwana 2, amma shi ne har yau bai manta ko ɗaya ba. Ka kuma tabbata kai ma ka haddace. Za su gwada ka.

Mataki na 7: Kowa ya yi addu'a, a fara daga ƙarami

Ka yi tambaya 2: "Me za mu gode wa Allah dominsa yau?" da "Wa za mu yi wa addu'a?" Kowa ya faɗi nasa, sa'an nan a zaga, jimla ɗaya ko biyu. Wanda bai iya ba ka faɗa ya maimaita: "Na gode, Yesu, don Mama. Amin." Kada ka tilasta wa mai jin kunya, ka tsallake shi, gobe ka sake ba shi dama.

Za ka ji addu'o'in da za su so ba ka dariya. Ka danne. Autana ta yi wata guda tana roƙo domin akuyarmu da ta karye a ƙafa, kullum sai ta ambace ta. Ranar da akuyar ta taka ƙafar, mun buɗe littafin rubutu mun ja layi a ƙarƙashin roƙon, muka rubuta kwanan wata. Wannan shi ne amfanin littafin: yara su ga da idonsu cewa an roƙa, an samu. Wanda ba a samu ba kuma kada ka ɓoye. Mun yi wa kakarsu addu'a tana asibiti, ta rasu. Na gaya musu gaskiya, cewa mun roƙa, Ubangiji ya ɗauke ta, ni ma zuciyata na ciwo. Sun ga hawayena, ban tashi na ɓuya ba.

Taka addu'ar ta zo a ƙarshe, kada ta wuce minti 1. Ka yi ta da muryarka ta kullum, da kalmomin da mai shekara 4 zai gane. Ka ambaci kowane yaro da sunansa, da wani abu nasa na ranar: jarrabawar gobe, haƙorin da ke girgiɗi, abokin da suka yi faɗa. Ka sa maƙwabta a ciki, Kirista da Musulmi, da sunayen da yara suka san su da su. Matsalolin manya kuwa, bashi da kuɗin haya da labarin tashin hankali, ka bar su sai kai da matarka. Yaro yana ɗaukar abin da ya ji a addu'a ya kwana da shi.

Mataki na 8: Ka rufe da albarka

Ku faɗi Alheri tare, wato addu'ar nan da ke farawa da "Alherin Ubangijinmu Yesu", kamar yadda ake rufe sujada a coci, ko ka karanta albarkar Haruna, Littafin Ƙidaya 6:24-26. Sa'an nan ka ɗora hannu a kan kowane yaro, ka kira sunansa, ka ce, "Ubangiji ya sa maka albarka, ya kiyaye ka." Daƙiƙa 5 ce ga kowane ɗaya. Babban ɗana yanzu ya fi ni tsayi, amma har yau yakan sunkuyo da kansa. A naɗe tabarma, a yi fitsari, a shiga gidan sauro.

Babban kuskure: mai da tabarma kotu

In akwai abu ɗaya da nake roƙonka ka kiyaye, wannan ne. Da yake lokacin sujada ne kaɗai kowa ke zaune wuri ɗaya, akwai jarabar a kawo ƙarar duk laifin yini: wa ya fasa kofi, wa ya ƙi aike, wa ya dawo da riga a yage. Sai uba ya zaɓi ayar biyayya yana karantawa yana harara, ko ya kai ƙarar yaro gaban Allah cikin addu'a kowa na ji. Kada ka yi. Laifi a yi maganinsa lokacin da ya faru, kai da yaron, a gefe. Bulala kada ta kusanci tabarmar nan. Mukan yi saurin jawo ayoyin sanda na Karin Magana, mu manta Kolosiyawa 3:21, inda aka gargaɗi ubanni kada su matsa wa 'ya'yansu har su karai. Kullum kana koya wa yaro ya kira Allah "Uba", kuma ba shi da inda zai san ma'anar kalmar sai a fuskarka.

In yaro ya yi ta tsalle-tsalle lokacin sujada, ka fara duba kanka: wataƙila ka ja abin da tsawo. Ka jawo shi cinyarka, ka ba shi aiki, ya riƙe fitila ko ya buɗe shafi. In ya ƙi, Mama ta fita da shi minti 2 su dawo. In daren ya lalace gaba ɗaya, kowa na kuka, ka yi addu'ar jimla ɗaya ka sallame su. Gobe ma rana ce.

Ranar da kai ne mai laifi fa? Wata rana na dawo daga aiki raina a ɓace, na daka wa ɗana tsawa na mare shi a kan ruwan da ba shi ya zubar ba. Da aka shimfiɗa tabarma ya zauna can nesa, ya juya mini gefe. Na buɗe littafin na kasa karantawa. Na rufe, na kira sunansa, na ce, "Abin da na yi maka ɗazu ba daidai ba ne. Na yi fushi, na buge ka ba da hakki ba. Ka yafe mini." Ya yi shiru, can ya gyaɗa kai, ya matso. A al'adarmu babba ba ya ba yaro haƙuri, na sani, kuma wani dattijo ya taɓa ce mini hakan zai zubar mini da girma. Ban ga ya zubar ba. Abin da na gani shi ne bayan 'yan makonni yaron ya je da kansa ya ba ƙanwarsa haƙuri, da kalmomin da na yi amfani da su.

Idan wani abu ya rasa

In karatu na yi maka wuya, ka ba da labaran da ka ji a coci da ka, matarka ko babban yaro ya karanta ayar. Akwai kuma Littafi Mai Tsarki na Hausa da ake saurara a waya. Ka saurara da rana kai kaɗai, da yamma ka faɗa da bakinka. Jagorancin bai fita hannunka ba don wani ne ya karanta.

In kai direba ne, ko soja, ko ɗan sanda, ko aiki ya kai ka wani gari, ka kira a daidai lokacin sujada, a sa wayar a tsakiyar tabarma, ka ji ayarsu ka sa musu albarka. Inda ba sabis, ka bar musu saƙon murya tun kafin ka tafi, ɗaya don kowace rana. Mama ta riƙe sauran, in ka dawo ka karɓa ba tare da ka rushe tsarin da ta bi ba.

In harshe biyu ne ko uku a gidan, misali yarenku da Hausa da Turancin makaranta, ka ba da labari da wanda yaran ke wasa da shi, amma ka ajiye waƙa ɗaya da yaren kakanninsu. In kaka na gidan, ka ba ta dare ɗaya a mako ta koya musu tsofaffin waƙoƙi, ta faɗa musu yadda bishara ta shigo ƙauyenku. Da tsohuwar zuma ake magani.

In baƙi sun zo, kada ka fasa. Ka ce, "Lokacin sujadarmu ya yi, minti 10 ne, bismillah in za ku zauna da mu." Wanda ba addininku ɗaya ba ka ba shi wuri da ruwa, ka nemi uzuri, ku shiga ciki ku yi. 'Yar aiki da yaran dangi da ke zaune a hannunka su ma a kan tabarma ɗaya za su zauna, a ambaci sunansu a addu'a, a ɗora musu hannu kamar kowa.

In kun yi fashin mako ɗaya, ko wata guda, saboda ciwo ko haihuwa ko sanyin jiki kawai, kada ka tsaya dogon bayani ko alkawari. Mu ma mun taɓa yin wata 3 ba mu zauna ba bayan haihuwar auta. Wata yamma bayan tuwo na ɗauko tabarma na shimfiɗa, na fara waƙar da muka tsaya a kanta. Kafin in kai amshi, mai gwangwanin madara ya riga ya ruga ɗauko kayansa.